Wai tsoro ne ya sa 'yan juri suka kama Derek Chauvin da laifi?

Wani ɗan'uwa ya turo min tambaya, yace shi dai ya kalli bidiyon mutuwar George Floyd, baƙar fatar nan na Amurka, kuma ba shi da shakka ɗan sandan nan Derek Chauvin ya yi kisa, amma abin da ke damunsa shi ne har yanzu yana jin ana musu cewa mutum goma sha biyun da suka yanke hukuncin, wato 'yan juri, tsoro ne ya sa su, gari na shirin kamawa da wuta, kuma wai ɗaya daga cikinsu ma ɗan zanga-zanga ne. Yace in haka ne ina adalcin yake, kuma ba gara irin namu ba da alƙali ɗaya mai ilimi ke zama ya yanke?

Toh ɗan'uwa, tambayarka ta min daɗi sosai. Ni aikina kenan, lauya ne, kuma mafi yawan shekarun da na yi a kotu a ɓangaren kare wanda ake tuhuma na yi su, don haka in aka ce an tauye wa wanda ake tuhuma haƙƙi ba na ɗaukar maganar da wasa ko da kuwa mutumin ya ƙona min rai. Shari'ar nan kuma na bi ta kai tsaye tunda an haska ta a intanet, a lokacinmu na nan wajen ƙarfe uku da rabi na yamma suke farawa, sai in dawo daga ofis in zauna da waya a hannu har dare. Ranar da aka karanta hukuncin, 20 ga Afrilu 2021, cikin azumi ne, mun dawo daga tarawi kenan wajen ƙarfe goma na dare, ina tsaye a tsakar gida alƙali Peter Cahill ya buɗe ambulan ya karanta tuhuma uku ɗaya bayan ɗaya, kowacce an same shi da laifi, Chauvin na zaune da takunkumi a fuska idanunsa kawai ke yawo.

Bari in ɗan yi bayanin juri ɗin tukuna sabida mu ba mu saba da shi ba. A Amurka tsarin mulkinsu, gyara na shida, ya ba duk wanda ake tuhuma da babban laifi haƙƙin mutanen gari su saurari shari'arsa, kuma ya ce lallai su zama marasa ɗaukar ɓangare. Ba lauyoyi bane, talakawan gari ne da ake zaƙulo sunayensu daga rajistar masu zaɓe da ta lasisin tuƙi, akwai nas, akwai ma'aikacin banki, akwai kaka mai jikoki, a jihar Minnesota inda aka yi shari'ar dala 20 kacal ake ba su a rana a lokacin. Alƙali shi ke faɗa musu abin da doka ta ce, su kuma su ke cewa ya aikata ko bai aikata ba, kuma sai duk su goma sha biyun sun yarda, mutum ɗaya in ya cije shikenan babu hukunci, sai dai a sake sabon zama.

Abin da mutane da yawa ke kuskure a kai shi ne suna zaton juri mai adalci shi ne wanda bai taɓa jin labarin ba. Doka ba ta taɓa cewa haka ba. Tun 1961 kotun ƙolin Amurka ta faɗa a shari'ar Irvin da Dowd cewa ba sharaɗi bane a samo wanda bai san komai ba, abin da ake nema shi ne mutumin da zai iya ajiye abin da ya ji a waje ya yi hukunci da abin da aka gabatar a cikin kotu. Ka yi tunani, bidiyon da wata yarinya 'yar shekara 17 ta ɗauka ranar 25 ga Mayu 2020, wanda mu nan a Kano da Zinder da Kumasi muka gani a wayoyinmu, waye zai rage a Minneapolis, birnin da abin ya faru, bai gani ba? In ka dage sai wanda bai gani ba to za ka ƙare da mutanen da ko sun yi ƙarya, ko kuma ba ruwansu da abin da ke faruwa a garinsu, kuma duka biyun ba su ake so su riƙe rayuwar mutum a hannu ba.

Shi ya sa ake tankaɗe da rairaya. Kafin a fara aka aika wa mutane fom mai shafuka sama da goma, ana tambayarsu sau nawa ka kalli bidiyon, me kake gani game da Black Lives Matter, wato fafutukar kare rayukan baƙar fata, me kake gani game da masu goyon bayan 'yan sanda, ka taɓa fita zanga-zanga, ɗan sanda ya taɓa cin zarafinka. Sannan daga 9 ga Maris 2021 aka riƙa shigo da su ɗaya bayan ɗaya ana yi musu tambayoyi kusan sati biyu. In ka taɓa zama a kotun shari'ar Musulunci ka ga an kawo shaida alƙali ya juya ya tambayi ɗaya ɓangaren ko yana da suka, to kusan irin wannan ne, sai dai a can masu hukuncin ake suka ba shaidu ba. Suka iri biyu ce. Akwai wadda za ka kawo dalili alƙali ya cire mutum, wannan ba ta da iyaka. Akwai kuma wadda ba sai ka faɗi dalili ba, kawai mutumin bai kwanta maka ba, a wannan da farko an ba lauyan Chauvin, Eric Nelson, guda 15, masu gabatar da ƙara guda 9, sharaɗi ɗaya dai tun hukuncin kotun ƙoli a shari'ar Batson a 1986 ba a yarda ka cire mutum don launin fatarsa ba. A ƙarshe waɗanda suka yanke hukuncin farare shida ne, baƙaƙe huɗu, biyu ruwa biyu, mata bakwai maza biyar.

Yanzu ga inda masu ƙorafi ke da gaskiya, kuma ba zan ɓoye maka ba don nima abin ya tsaya min a rai.

Ana tsakiyar zaɓen 'yan jurin nan, ranar 12 ga Maris, majalisar birnin Minneapolis ta fito ta sanar da cewa za ta biya iyalan Floyd diyyar dala miliyan 27. Wallahi ranar da na ji sai da na riƙe baki. Birnin da ya ɗauki mutumin nan aiki ya fito yana biyan diyya mafi tsoka ana gab da fara shari'arsa, ai ko ba a faɗa ba talaka zai fahimci cewa an amsa laifi ne. Da sun jira wata biyu ba abin da zai ragu. Alƙali Cahill da kansa ya nuna ɓacin ransa, ya sake kiran mutum bakwai da aka riga aka zaɓa ya tambaye su, biyu suka ce gaskiya labarin ya canza musu tunani, ya sallame su. Nelson ya roƙi a ɗage shari'ar ko a kai ta wani gari, alƙali ya ƙi, dalilinsa shi ne babu wani lungu a jihar da labarin bai kai ba.

Ana wata ga wata, ranar 11 ga Afrilu ana cikin sauraron shaidu wata 'yar sanda mai suna Kim Potter ta harbe wani matashi baƙar fata, Daunte Wright, a Brooklyn Center, tafiyar 'yan mintuna daga kotun. Gari ya sake rikicewa, aka sa dokar hana fita. 'Yan jurin nan kuma ba a killace su ba, kullum gida suke komawa su kwana, da safe su zo kotun da aka kewaye da waya mai ƙaya da shingen kankare da sojojin jiha. Nelson ya ce a killace su a otal, alƙali ya ƙi, sai da aka zo shawarar ƙarshe sannan aka killace su. Sai kuma 'yar majalisa Maxine Waters ta je wurin masu zanga-zanga ta ce in ba a same shi da laifi ba su ƙara matsa lamba su ƙara tunkara, har Cahill ya faɗa wa Nelson a buɗaɗɗiyar kotu cewa wataƙila matar nan ta ba shi abin da zai riƙe a ɗaukaka ƙara. Ɗaya daga cikin 'yan jurin ko-ta-kwana, wadda ba ta shiga yanke hukuncin ba, ta faɗa wa 'yan jarida daga baya cewa tun farko ta yi fargabar shiga, ba ta son a sake tarzoma kuma tana tsoron mutane su zo mata gida. Duk wannan ya faru, ba ƙage bane. Da ni ne lauyan Chauvin duk sai na ɗaga su, kuma da ni ne alƙalin da tun daren da aka harbe Daunte Wright zan killace su.

Sai maganar juri mai lamba 52, wanda kake cewa ɗan zanga-zanga. Bayan hukunci hotonsa ya fito a wani gangami da aka yi a Washington ranar 28 ga Agusta 2020, yana sanye da riga mai hoton Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙar fata, da rubutu mai ma'anar ku ɗauke gwiwarku daga wuyanmu. A fom ɗin an tambaye shi ko ya shiga zanga-zangar adawa da zaluncin 'yan sanda yace a'a. Shi bayaninsa shi ne gangamin na tunawa da jawabin King na 1963 ne, ba zanga-zangar Floyd ba. Amma 'yan'uwan Floyd sun yi jawabi a wurin, kuma rubutun rigar kowa ya san inda ya dosa. A ganina ya kamata ya faɗa da bakinsa tun farko ya bar lauyoyi su auna, kuma ya kamata alƙali ya kira shi ya rantsar da shi ya yi masa tambayoyi bayan hoton ya fito, doka ta ba da wannan dama amma Cahill ya ƙi. Wannan shi ne wuri ɗaya da har yau nake ganin an yi sakaci, zaman awa ɗaya da ya rufe bakin kowa. Sai dai ka haɗa da wannan: mutumin nan bai ɓoye ra'ayinsa ba lokacin tantancewa, ya faɗa ƙarara yana goyon bayan Black Lives Matter sosai, Nelson ya ji da kunnensa, yana da sauran damar cire mutum ba tare da dalili ba a hannunsa, kuma ya bar shi ya zauna.

To da duk wannan me ya sa nake cewa hukuncin a kan hujja ya tsaya? Sabida na ga abin da aka sa a gabansu. Shaidu 38 masu ƙara suka kawo, ɓangaren kariya bakwai, Chauvin kuma ya zaɓi ya yi shiru wanda haƙƙinsa ne. Minti tara da daƙiƙa 29 gwiwarsa na kan wuyan mutumin da aka ɗaure wa hannu ta baya yana kife a kan kwalta, a kan zargin jabun dala 20. Ma'aikaciyar da ke karɓar kiran gaggawa ta ga abin ta kyamara har ta zaci hoton ne ya tsaya, ta kira sajan ɗin da ke kula da 'yan sandan yankin. Wata 'yar kwana-kwana da ba ta bakin aiki ta tsaya tana roƙonsu su duba bugun jininsa suka hana ta. Abin da ban taɓa gani ba a rayuwata ta aiki shi ne shugaban 'yan sandan birnin da kansa, Medaria Arradondo, ya shigo cikin kakinsa ya rantse ya ce abin da yaronsa ya yi ba koyarwarsu bace ba kuma ƙa'idarsu ba. Sai likitan huhu Martin Tobin, dattijo mai magana a hankali, ya riƙa nuna yadda numfashi ke ƙarewa in an danne mutum ta baya da ta wuya a kan ƙasa mai tauri, har ya ce wa 'yan jurin su taɓa wuyansu su ji wurin da yake nufi, shi ma ya sassauta wuyan rigarsa yana nunawa, 'yan jaridar da ke cikin ɗakin suka ce yawancinsu sun kai hannu wuya. Ɓangaren kariya suka kawo nasu likitan, David Fowler, ya ce ciwon zuciya ne da ƙwaya, har da hayaƙin salansar motar 'yan sanda, amma da aka matsa masa da tambaya ya yarda ba shi da gwajin da ya nuna hayaƙin, kuma ya yarda ya kamata a ba Floyd agajin gaggawa a wurin. Ni da na saba tsayawa a wancan ɓangaren na san yadda kes ke zubewa a hannun lauya, wannan ya zube.

Kuma ba a nan aka tsaya ba. A Disamba 2021 Chauvin da bakinsa ya amsa laifi a kotun tarayya cewa ya take haƙƙin Floyd da gangan, aka ba shi shekara 21, waɗanda zai yi a lokaci guda da shekara 22 da rabi na kotun jiha. A Fabrairu 2022 sauran 'yan sanda ukun da ke wurin, Tou Thao da Alexander Kueng da Thomas Lane, wani juri daban ya same su da laifi a kotun tarayya a St. Paul, babban birnin jihar, kuma wannan jurin daga sassan jihar baki ɗaya aka ɗebo shi har da ƙauyuka, kusan dukkansu farare, lokacin kuma ƙura ta lafa babu sojoji a titi. Wato kusan irin jurin da Nelson ya roƙa kenan, suka kalli bidiyon iri ɗaya suka kai inda na farko suka kai. Kotun ɗaukaka ƙara ta Minnesota ta tabbatar da hukuncin Chauvin a Afrilu 2023, kotun ƙolin Amurka kuma a Nuwamba 2023 ta ƙi sauraron ƙarar.

Maganar a kai shari'a wani gari kuwa, duk baƙar fatar Amurka da ya kai shekara arba'in in ya ji ta gabansa sai ya faɗi, kuma yana da dalili. A Maris 1991 aka ɗauki bidiyon 'yan sandan Los Angeles suna jibgar Rodney King da kulake yana ƙasa. Aka ce garin ya yi zafi ba za a samu juri mai adalci ba, aka kai shari'ar Simi Valley, unguwar farare da 'yan sanda da yawa ke zaune a cikinta. Jurin da aka samu babu baƙar fata ko ɗaya, ranar 29 ga Afrilu 1992 suka wanke su, garin ya kama da wuta, sama da mutum 60 suka mutu. Shekara ɗaya bayan nan wani juri a kotun tarayya a cikin Los Angeles ya kama biyu daga cikin huɗun da laifi a kan wannan bidiyon dai. Ka ga kenan canza gari ba ya cire son zuciya, sauya masa riga kawai yake yi, mutumin da ɗansa ko maƙwabcinsa ɗan sanda ne shi ma da nasa kayan yake shigowa kotu, sai dai nasa ba a ganinsa don ba ya sa riga mai rubutu. Abin da ke min ciwo shi ne da yawa daga masu ihu a kan juri mai lamba 52 ba ka taɓa jin sun damu da Simi Valley ba, laifi tudu ne.

Amma kar ka ɗauka launin fata ne ke yanke komai. Ɗan yankinmu Amadou Diallo, Bafulatanin Gini mai talla a New York, 'yan sanda huɗu suka harba masa harsashi 41 a ƙofar gidansa a Fabrairu 1999, 19 suka same shi, ba komai a hannunsa sai walat. An kai shari'ar Albany, a cikin jurin akwai mata baƙaƙe huɗu, kuma duk suka haɗu suka wanke 'yan sandan a 2000. Dalili shi ne dokar kanta, wadda ke cewa a auna abin da idon ɗan sanda a wannan daƙiƙar, in ya ce ya ji tsoron ransa kuma tsoron na da ma'ana to da wuya a kama shi. A Minnesota ɗin ma haka aka wanke a 2017 ɗan sandan da ya harbe wani baƙar fata, Philando Castile. Abin da ya bambanta kes ɗin Chauvin shi ne babu maganar daƙiƙa ɗaya, minti tara ne, mutane na roƙonsa, mutumin ya daina motsi, shi kuma bai ɗaga ba.

Ɓangaren tambayarka na ƙarshe, ko alƙali ɗaya ya fi. A can ma wanda ake tuhuma na iya cewa ya yafe juri alƙali ya yi masa, kuma 'yan sanda na yawan zaɓar haka don sun san inda ya fi musu sauƙi. A Baltimore bayan mutuwar wani matashi baƙar fata, Freddie Gray, sakamakon raunin da ya ji a motar 'yan sanda, uku daga cikin waɗanda aka gurfanar suka zaɓi alƙali shi kaɗai, a 2016 ya wanke duka ukun, aka janye sauran tuhumar. Shi kuma Tou Thao a kotun jiha alƙali Cahill ne shi kaɗai ya duba hujjojin a 2023 ya same shi da laifi. A Najeriya ba mu da juri yanzu, Ghana na amfani da na mutum bakwai a manyan laifuka kamar kisan kai. Alƙali ɗaya yana da abin da juri ba su da shi, dole ya rubuta dalilansa kuma za ka iya bin su layi-layi a ɗaukaka ƙara, su kuwa juri kalma ɗaya suke faɗa su tafi gida. Amma shi ma mutum ne, kuma shi kullum da 'yan sanda yake aiki, su ke kawo masa masu laifi, su ke gadin gidansa. Na taɓa tsaya wa wani yaro mai gyaran babur da aka ce ya amsa laifi a ofishin 'yan sanda, muka ce dukansa aka yi ya sa hannu, aka yi ƙaramar shari'a a kan takardar. Yaron ya ɗaga rigarsa a gaban kotu, ga shatar igiya a damtsensa biyu inda aka rataye shi, hannun hagunsa ko kofi ba ya iya riƙewa, uwarsa na bayan kotu ta toshe baki da mayafi. Ɗan sandan da ya rubuta takardar ya rantse bai taɓa shi ba, babu bidiyo, babu lauya a wurin lokacin da aka ɗauki bayanin duk da doka ta yi tanadin haka, kuma aka karɓi takardar a matsayin hujja. Ranar na fito ina ta tunanin da mutum goma sha biyu daga kasuwar garin nan ne suka ga damtsen yaron, masu shayi da teloli da malaman firamare waɗanda kowannensu ya san wani da aka taɓa rataya, da wuya su yarda da rantsuwar nan. Mun ɗaukaka ƙara, kafin a saurare mu yaron ya riga ya yi shekara uku a tsare.